Baƙon Shagon Yari

Mako na uku ke nan baƙon yana zuwa shagon Yari ranar kasuwa, kuma ko sau ɗaya bai nemi ya yi wasa ba. Sai ya jingine babur ɗinsa a gindin dalbejiya, ya shigo ya zauna a ƙarshen benci.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan tashar Goronyo: talabijin biyu, na'urar gem biyu, da ɗan janareta mai tari. Samarin da ke aikin albasa a fadamun dam nan suke fakewa idan rana ta take. Faifan da suka fi so shi ne na mayaƙan Japan na zamanin dā masu faɗa da takubba, wanda sara ɗaya mai kyau kan kusan gama mutum.

Kowa talabijin yake kallo. Baƙon kuwa Yari yake kallo.

Yari ba mai son a sa masa ido ba ne. Shekara uku da zuwansa garin daga tsallaken iyaka, da gemu cike da fuska da hula har goshi, amma babu wanda zai ce ga abokinsa. Idan samarin suka ja shi zuwa bakin dam cin kifi, sai ya ce babu mai tsare masa shago. Idan suka ce ya zo a gwada, sai ya ce shi mai shago ne, ba ɗan wasa ba.

Lami, mai tuyar masa a ƙofar shagon, ita ta fara tsegunta masa.

"Yari, wanga mutum fa ya tambaye ni ko kana da iyali."

"Mi kika ce mai?"

"Na ce ban sani ba. Ai ban sani ba ɗin. Amma na ji shina waya, ya ce sai bayan la'asar zai koma Wurno."

A watan da ya wuce an fasa shagon cajin waya a layin, kuma an ce ɓarayin sai da suka turo mai leƙen asiri. Ranar da Lami ta faɗa masa haka ya canza kwaɗo, ya fara kwashe na'urorin zuwa ɗakinsa kullum. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ɓarawo kaya yake kallo. Wannan bai taɓa ɗaga ido ya dubi kayan ba.

A mako na huɗu baƙon ya miƙe, ya ce zai kara da Mode, gwanin shagon, wanda ya yi wata biyu ba a kayar da shi ba. Samari suka matsa. Da aka zo zaɓen mayaƙi, baƙon ya tsallake manyan jarumai duka, ya ɗauki wani tsoho mai gajeren takobi da ba wanda ke zaɓa. Aka bushe da dariya.

Tsohon ya ja da baya taku uku. Ya bari Mode ya sare shi sau ɗaya. Mode ya samu zuciya, ya ɗaga takobi sama zai gama aiki, sai tsohon ya durƙusa ya soke shi ta ƙasa. Haka aka yi a zagaye na biyu, ba bambanci.

Shago ya kaure da ihu. Yari, da ke zuba mai a janareta, ya tsaya da galan a hannu har man ya malala a ƙasa.

"Mai shago," in ji baƙon, "zo mu taɓa."

"Ba ni wasa."

"Sau guda dai. In ka kada ni, ba ka ƙara ganina."

Wannan alkawarin ne ya zaunar da Yari. Ya goge hannu a riga, ya karɓi abin latsawar daga wurin Mode. Ya yi niyyar ya yi wasan banza a kayar da shi, amma ya tuna in ya faɗi, mutumin zai dawo mako mai zuwa, da na bayansa.

Tsohon ya ja da baya taku uku, ya buɗe ƙirji yana jiran sara. Yari bai sara ba. Ya bar mayaƙinsa tsaye cik, kamar na'urar ta lalace. Da tsohon ya durƙusa ya kai suka a iska, sai ya tsallake kansa ya sare shi ta baya. Ko rabin minti ba a yi ba. Zagaye na biyu ma ya fi na farko sauri.

Samarin suka bar ihu, suna duban mai shagon da suka sani bai iya wasa ba.

Baƙon ya ajiye abin latsawar a hankali.

"Sunana Halilu," ya ce. "Matata Habi ta koya min wanga salo, da na'urar da yayanta Attahiru ya bari a gida, can Wurno. Ta ce mutum guda ya san maganinsa, yayan nata, don shi ya ƙirƙiro shi. Watan jiya ta hango ka daga cikin mota, kowa ya ce idonta ne ya yi mata gizo."

Yari ya dubi ƙofa. Halilu ya riƙe masa hannu, ya rage murya.

"Shekara bakwai ke nan da anka yi maka sallar gawa tare da mutanen da ka ɗauko a kwale-kwalenka ranar ambaliya. Inna ta ce in kai ne, in hwaɗa maka ruwa ne ya kife jirgin, ba kai ba. Attahiru, taso mu tafi gida."