Golan da Aka Ce Ya Kauce wa Ƙwallo

Tunda ka ce kai ma dabara za ka yi wa mutane, gyara zama ka ji. An yi wani gola, mai tsaron raga, a wata ƙungiya ta masu neman abinci da ƙwallo. Mutum ne da bai san komai ba sai tare ƙwallo. Yatsunsa duk sun karkace, gwiwarsa ta fara ƙara in ya durƙusa, kuma tunda ya fara sana'ar bai taɓa shiga zagayen ƙarshe na neman kofi ba. A shekarar nan Allah ya kai su bakin ƙofa. Ƙungiya huɗu ake ɗauka, ta ɗaya ta kara da ta huɗu, ta biyu da ta uku, wanda aka kayar ya kama hanyar gida. Saura musu wasa guda. In sun ci su ne na uku, in an ci su su ne na huɗu. Shi gola a wurinsa magana ta ƙare, a je a ci kawai. Sai kocinsu ya tara su gaban allo, ya yi ta zane kamar mai duba. Ya ce ta biyu ƙarti ne, sun yi musu dukan kawo wuƙa gida da waje, ta ɗaya kuwa sun san lagonta, sun taɓa kayar da ita. Don haka gara a bari a ci su, su faɗo na huɗu. Akwai ta biyar tana numfashi a ƙeyarsu, amma ba ta wuce su sai ta kayar da ta ɗaya, wannan kuwa, in ji koci, sai ranar da akuya ta kori kura. Gola ya dubi allo, ya dubi hannuwansa, ya ce, “Koci, to in ƙwallo ta taho in yi yaya?” Koci ya ce, “Ka faɗi mana, amma can ɗaya gefen.” Ya ce, “To in ba ci muke so ba, me zai kai mu fili?” Aka yi masa dariya, aka ce kansa ba na lissafi ba ne.

To a al'ada wasannin ƙarshe lokaci guda ake buga su, don kada wani ya leƙa tukunyar wani. Amma masu talabijin da suka sayi ikon nuna wasannin suka ce su ido guda gare su, ba su iya nuna wasa biyu a tare, dole a raba. Aka ce nasu ne zai zo a baya, koci ya ce madalla, za su ga yadda ta kaya tukun, ya goge allo. Aka dawo aka ce a'a, nasu ne a gaba, ya sake gogewa. Yau a ce wa gola ka tare, gobe a ce kada ka tare, har ya kai in an yi masa sallama sai ya tsaya tunani kafin ya amsa. Ranar wasa ya sa safar hannu bai san ta mece ce ba. Ƙwallon farko da aka bugo, hannunsa ya riga kansa, caraf ya cafke. 'Yan kallo suka ɗauki sowa, koci ya dafe kai yana zare masa ido. Bawan Allah ya tsaya da ƙwallo a ƙirji kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Can aka sake bugo wata, sanyi ƙalau, wadda ko tsohuwa irina ta tare da zani. Ya runtse ido ya faɗi ɗaya gefen. 'Yan kallo suka yi ta zaginsa har iyaye, abokan wasansa kuwa suna bubbuga masa baya suna cewa aikinka ya yi kyau. Aka tashi an ci su, ya fita daga fili bai san ko kuka zai yi ko godiya ba.

Abin da mai allo bai zana ba shi ne, 'yan ta ɗaya su ma suna da talabijin, wasansu kuma sai washegari. Suna zaune suka ga faɗuwar nan, aka maimaita musu ita a hankali, suka gane cewa su aka zaɓa a matsayin nama mai taushi. Matsayinsu ba mai taɓa shi, ko an ci su ko ba a ci ba, kuma ba su manta wanda ya taɓa kayar da su ba. Washegari gola na zaune cikin 'yan uwansa ana kallo, sai ya ga 'yan ta biyar sun bugo wata lallausar ƙwallo, golan ta ɗaya ya runtse ido ya faɗi ɗaya gefen. Namu golan ya san faɗuwar nan, jiya ya yi irinta. Aka tashi ta biyar ta ci, ta haye kansu ta zauna a gurbin na huɗu. Gola ya juya, da zuciya ɗaya, don har yanzu yana zaton akwai wani lissafin da bai gane ba, ya ce, “Koci, to yanzu mu da wa za mu kara?” Shekara ta zagayo, gwiwa ta ƙi, aka ɗauki wani golan.

Abin da mutanen da suka faɗa ke nan: garin neman gira a rasa ido.