Lahadin Okoro a Ɗakin Baba

A shekarar da 'yan kudu suka gudu daga Kano, Baba ya ɓoye abokinsa Okoro makaniki a gidanmu na Yakasai. Ran Lahadi da la'asar Okoro ya ce zai yi ibada. Baba ya kawo masa buta da buzun salla, ya nuna masa gabas.

"Malam, ai mu waƙa muke yi, cikin jama'a."

"Maƙwabta za su ji, Okoro. In ka ɗaga murya, mun mutu duka. Yi a zuci."

Okoro ya durƙusa a kan buzun, leɓe na motsi, hawaye na zuba, babu sauti. Har yau shirun nan yana damuna.

Okoro ya tsira. Ya rasa matarsa, 'ya'ya biyu, da cocinsu.