Fayil Mai Jan Bango

Saura kwana uku wa'adin ya cika, kujerar da aka saya wa jami'in kare sirrin marasa lafiya tana nan cikin ledarta, ba wanda ya hau.

Manajan ma'aikata ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hukumar kare bayanai ta ba asibitinsu wata uku: ko su ɗauki ƙwararre mai takardar shaida, ko a garƙame musu ƙofa. Mai asibitin kuwa ya taƙaita masa zancen. Ya ce in har aka zo rufe ƙofa, shi Manaja ta taga zai fita.

Asalin rigimar tsohuwa ce. Shekara biyu da suka wuce, wata ma'aikaciya ta karanta sakamakon gwajin wata mata a waya, saboda mai kiran ta ce ita yayarta ce. Ashe uwar miji ce. Sati bai zagayo ba aure ya mutu. Matar ta kai ƙara ta hannun lauya, don haka Manaja bai taɓa ganin ko inuwarta ba. Fayil ɗinta kawai ya sani, wani mai jan bango.

To, ina ƙwararrun? Masu takardar a duk garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, su ma bankuna da kamfanonin waya sun yi awon gaba da su. Ɗaya ya leƙo, ya ji albashin, ya yi dariya har da share hawaye. Sauran sai tarkace: masu gyaran kwamfuta, da ɗan ƙanwar mai asibitin, da wani tsohon maigadi da ya rantse tun da yake ba a taɓa jin maganar wani a bakinsa ba.

Don ya tace su, Manaja ya ƙirƙiro jarrabawar da yake ji da ita kamar me. Ya sa sakatariya ta bi sunan matar da baƙin alƙalami shafi-shafi, sannan duk wanda ya zo neman aikin sai ya tura masa jan fayil ɗin ya ce, "Karanta, ka faɗa mana inda muka kuskure." Shi kansa shafin farko kaɗai ya taɓa dubawa. Ina ya ga lokaci?

Ranar Talata da hantsi sai ga wata mata, siririya, da ɗan tabo a girar hagu. Ƙofar ofishin Manaja, wanda a da shi ne ɗakin gwaji, tana da hali, sai an ɗaga ta sama take buɗuwa, kowane baƙo sai ya yi kokawa da ita. Ita kuwa ta ɗaga ta shigo. Tsohuwar nas da ke wucewa da tire ta kalle ta, ta sunkuyar da kai, ta ƙara sauri.

Manaja ya duba takardunta. Ga shaidar da hukuma ke nema, sabuwa fil, ba ta fi wata huɗu ba. Wayyo daɗi! Da ba don kunya ba da ya tashi ya taka rawa.

"Malama, me ya ja ra'ayinki ga wannan fanni?"

"Wahala ce ta koya mini, yallaɓai."

Ya yi dariya, a zatonsa raha take. Ya tura mata jan fayil.

Ba ta buɗe ba. Tafin hannunta ta ɗora a kai, ta shiga zayyano laifuffukan ɗaya bayan ɗaya. An ba da sakamako a waya ba tare da an tantance mai kira ba. Ba a rubuta wanda ya ɗaga wayar ba. Ita kanta mai gwajin sai da ta kwana biyu kafin ta ji, a bakin maƙwabta. Manaja sai gyaɗa kai yake, bakinsa har kunne. Irin wannan kaifi, ko buɗewa ba ta yi ba!

"Mutum nawa suka karanta wannan?" ta tambaya.

"Arba'in da ɗaya," ya faɗa yana ɗaga kafaɗa. "Duk ba wanda ya kamo ƙafarki."

Ta ciro ɗan littafi ta rubuta.

"Aiki naki ne, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ga kujera can, ke za ki ɓare ledar da hannunki. Don Allah gobe ki fara, ki fitar da bawan Allah kunya."

"Da niyyar karɓa na zo," ta ce a hankali. "Na ce ko kun gyaru, in taimaka kada a sake yi wa wata. Amma akwai kuskure ɗaya da ban faɗa ba. Kun shafe suna, kun bar hoto a cikin bangon baya. Lauya zai kira ku."

Ta tattara takardunta, ta ɗaga ƙofar, ta fita.

Manaja ya bi ta da kallo baki buɗe. Wane lauya kuma? Wane hoto? Haushi ya turnuƙe shi, ya fizgo fayil ɗin ya juya bayansa, don ya san abin da zai zazzage wa sakatariya.

Ga ɗan hoto nan an manne, wanda mutum arba'in da ɗaya suka gani shi bai gani ba: wata mata siririya tana murmushi, da ɗan tabo a girar hagu.