Teburin Kusa da Taga

Gidan abincin ya yi suna a birnin, amma da la'asar ɗin nan babu kowa a ciki sai su biyu. Malama ta zo taron malaman makaranta ne, Alhaji mai kemis ya biyo ta, ya ce shi ma baƙo ne a garin.

Wani tsohon ma'aikaci ya kai su teburin kusa da taga ba tare da ya tambaye su ba. Ya ja mata kujera, ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Sannu da dawowa, Alhaji. Kifin nan dai za a kawo mata?"

Malama ta dubi Alhaji. Shi kuwa yana ta gyara zaman cokali.

"Malama," ya ce a hankali, "ni ba yaro ba ne. Aurenki nake so."

Tsohon ya ajiye faranti. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya sa wannan ta daɗe."

"Baba, su nawa ne suka zauna a nan?"

"Uku, 'yata. Masu kirki. Ba wadda ta ga shekara."

Ta juya ta dubi Alhaji. Mutumin nan ta san shi da haƙuri, kuma zuciyarta ta riga ta karkata gare shi. Ta ture farantin kaɗan.

"Alhaji, ka ba ni lokaci in yi shawara."

Ya yi murmushi mai taushi, ya matso mata da farantin.

"Ba komai. Su ma haka suka ce."