Abin da Amawali Ya Ɓoye

Tsoho Akoli ya yi kwana arba'in bai kira raƙumarsa da sunanta ba. Masu karatu, daga nan tsoro ya shiga zangonsu a Gugaram, domin mutum ne mai hira da raƙuma kamar ɗiyarsa.

Ƙarshen mulkin Faransa ne. Nasaru sun shigo Abzin neman duwatsu, ɗauke da wani akwati mai kuka ƙas-ƙas kamar fara a gwangwani in an kai shi kusa da dutse. Akoli ne ya yi musu jagora. Ya dawo da wani dutse rawaya a jaka, don ya ba shi sha'awa kawai.

Wata safiya guga ya suɓuce masa a bakin rijiya. Hannu ya mutu, harshe ya yi nauyi. Kafin azahar hannun ya saki, amma mutumin bai dawo yadda yake ba. Sai zama, sai hawaye ba dalili.

"Aljanun dutsen nan ne," in ji Ghissa, mijin ɗiyarsa Dassin. "Abin da ya sa ƙarfe kuka, me zai yi wa mutum?"

Aka kafa masa bukka can gefe. Dassin takan ajiye akushi a ƙofa ta juyo da sauri, tana addu'a. A al'adarsu kuma dattijo ba ya sauke amawalin da ya rufe bakinsa, balle ya ci abinci a gaban suruki. Don haka ba wanda ya ga bakin.

Muktari, Badamagare mai yi wa ma'aikatan nasaru allura, ya zo sayen cuku, ya ji labari.

"Ku bar ni in ga fuskar Baba," ya ce. "Na taɓa ganin irin wannan. Hanyoyin jini ne ke toshewa a kai, su kashe wa tsoho zuciya tun kafin su kayar da shi. Motarmu za ta Agadas jibi, akwai lokotoro, babban likita."

"Ka kware wa dattijo baki a gabana?" in ji Ghissa. "Kai Bahaushe, ɗauki cukunka ka kama hanya."

Dassin ta dubi bukkar, ta dubi jakar dutsen da ke rataye a ƙofa, ta juya. Mota ta tafi.

Bayan kwana tara raƙumar ta zo ta durƙusa a ƙofar bukka, aka yi duka ta ƙi tashi. Da suka shiga, Akoli ya riga ya cika.

Wajen wanka aka kwance rawani. Baki a karkace yake, haƙarƙari duk a waje. Ƙarƙashin tabarma suka tarar da abincin da ya riƙa binnewa a rairayi, don kada ɗiyarsa ta ga akushi cike ta damu.

"Wayyo Baba!" in ji Dassin. "Da sau ɗaya na zauna."

Jama'a, baƙin cikin da ya faɗo wa tsoho haka kawai yakan zama ciwon jijiyoyin jini ne a ƙwaƙwalwa. Kada ku guje shi. Ku zauna da shi, ku dubi fuskarsa, ku kai shi likita tun da wuri.