Sin a Jikin Ƙyaure

"Sin, Sin, Sin," in ji Lami, tana bin rubutun allin da ke ƙyauren 'yarta da yatsa. Bana ta koyi karatu, ba rubutun da ke wuce ta. "Hasana, ƙasar Sin za ki gudu ki bar ni?"

Hasana ta yi dariya. "Inna, lissafi ne, sinus ake ce masa." Ta goge, ta sake rubutawa dalla-dalla, layi bayan layi, har hagu da dama suka daidaita: sin²x + cos²x = 1.

Lami ta yi ajiyar zuciya. "Madalla. To wannan wahalar ta mece ce?"

"Jarrabawar neman gurbin karatu."

"Nan Damagaram, ko Yamai?"

Hasana ta sunkuya tana karkaɗe alli daga zanenta. "Inna, ai daidai kika karanta tun farko."