Na Ɗaya a Aji, Baƙo a Bakin Rijiya

Kai da aka ɗora wa aikin tsara abin da ma'aikacin lafiya zai iya kafin a yaye shi, zauna ka ji wannan.

An yi wani tsohon duba-gari da ya koma koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Shekara uku yana kai wa hukumar makarantar kuka ɗaya: kada a ba ɗalibi takardar gamawa sai an kai shi bakin rijiya ya auna ruwan, ya haɗa maganin tsabtace shi da hannunsa, sannan ya tsaya gaban jama'a ya yi musu bayani har su gamsu. Hukuma ta ce ba mota, ba lokaci, jarrabawar biro da takarda ta wadatar. Da ya gaji, sai ya sa hannu a takardun gamawar tare da su. Ɗalibin da ya zo na ɗaya a wannan shekara aka tura shi wani ƙauye, kuma da damina ta yi tsaka sai amai da gudawa ya ɓarke. Bawan Allah ya san sunan ƙwayar cutar, ya haddace tarihinta, amma bai taɓa riƙe ma'auni ba. Ya juye gwangwanin magani sukutum cikin rijiyar gari. Ruwa ya yi wari, yana ƙona maƙogwaro, shi kuma ɗalibin bai yi wa kowa bayani ba. Mata suka ce guba aka zuba, suka kwashi tuluna suka koma kududdufi, can inda cutar take. Kwana tara, kabari goma sha huɗu, yawancinsu gajeru.

Tsohon ya je ƙauyen ya tarar da ɗalibinsa rakuɓe a bayan ɗakin shan magani, ko kallonsa ya kasa yi. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Malam, ba a taɓa nuna mini ba." Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya ɗebo ruwan rijiyar a jarka, ya hau mota zuciyarsa na tafasa. Ya iske 'yan hukuma a ɗakin taro, har sun rubuta takardar da za ta ɗora wa ɗalibin laifin duka. Ya dire jarkar a kan tebur, ya tsiyaya wa kowa a kofi. "Bismillah, ku sha. Aikin wanda muka ce ya fi kowa ke nan." Ba wanda ya motsa. Ya kurɓi nasa, ya sarƙe, idanunsa suka kaɗa. "Da biro muka haƙa kaburburan nan, har da nawa biron. Wallahi ba zan sake sa hannu ga wanda ban ga aikin hannunsa ba!"

Sai a ranar aka zauna aka rubuta abin da dole kowane ɗalibi ya aikata a gaban ido. Da shekara ta zagayo aka kai ɗalibai arba'in bakin rijiya, goma sha ɗaya suka wuce. Iyaye suka yi ca, manya suka aiko da roƙo. Tsohon ya mayar da sauran aji, bai ko ɗaga kai ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.